Yadda Ake Ciro Hoto Daga Fayil Na DICOM Da Hannu: Jerin Bayit Da Lissafin Ɗigo

Hoton CT, MRI, hoton ƙirji da na sikanin ciki, kusan duka a tsarin DICOM injinan asibiti suke ajiye su. Ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka, ACR, da ta masu ƙera kayan lantarki, NEMA, su suka fara fitar da ƙa'idar a 1985, sigar da ake kira DICOM kuma ta zo a 1993. Manhajar duba hoto tana buɗe irin wannan fayil cikin ƙiftawar ido. Rigima tana tasowa ne ranar da ka zauna rubuta taka manhajar, ko kana shirya hotuna don bincike, sai hoton ya fito baƙi ƙirin, ko ya karkace, ko ya hargitse da ɗige-ɗige. Galibi fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Bayit ɗin da ke ɗauke da hoton ba sa faɗin yadda za a karanta su, sai an koma kan fayil ɗin an tambaya, kuma duk wanda ya yi cinke a nan sai ya dawo baya.

Kayan aiki

Kana buƙatar manhajar da ke nuna fayil bayit-bayit a lissafin heks, wato ƙirga mai tushe 16 (0 zuwa 9, sai A zuwa F), inda kowane bayit, mai bit takwas, ake rubuta shi da alamu biyu. A Windows akwai HxD, a Linux ko Mac umarnin xxd ya wadatar. Sai DCMTK, tarin ƙananan manhajoji kyauta daga cibiyar OFFIS ta Jamus, inda za mu yi aiki da dcmdump, dcmconv, dcmdjpeg da dcmdrle. Sai harshen Python tare da pydicom mai karanta DICOM da numpy mai lissafin jerin lambobi. Wanda bai iya Python ba ya sauke ImageJ, zai kai shi nesa. Ka buɗe kalkuletar kwamfutarka a sashen Programmer don juya heks zuwa lambobin da muka saba, ka kuma ajiye takarda da biro kusa.

Fayil ɗin gwaji fa? Kada ka fara da faifan CD na majinyaci. Sunansa, ranar haihuwarsa da lambar katinsa duk suna cikin fayil ɗin, a hoton sikanin ma sau da yawa sunan yana rubuce a jikin hoton kansa. pydicom yana zuwa da fayilolin gwaji, ciki har da CT_small.dcm da MR_small_bigendian.dcm, kuma rumbun TCIA yana da hotunan da aka goge sunayen masu su. Kullum a kan kwafi za ka yi aiki, asalin ka bar shi inda yake.

1. Tabbatar da abin da ke hannunka

Buɗe fayil ɗin a HxD. Bayit 128 na farko share fage ne, yawanci sifili zalla. A matsayi na 80 a heks za ka ga 44 49 43 4D, wato haruffan DICM. Kada sunan fayil ya ruɗe ka, da yawa ba su da .dcm a ƙarshe. Wanda ake kira DICOMDIR a faifai kuma jadawali ne na sauran fayilolin, ba nan hotunan suke ba.

Idan babu DICM, kada ka jefar da fayil ɗin tukuna. Tsofaffin injina da wasu manhajoji suna ajiye bayanan ba tare da wannan kan ba, sai ka ga fayil ya fara da 08 00. Dubi bayit na biyar da na shida: idan manyan haruffa biyu ne kamar CS ko UI, ana rubuta nau'in bayani a fili (wato haruffan da ke faɗin ko ƙimar rubutu ce ko lamba, da irinta), idan ba haruffa ba ne, ba a rubutawa. A pydicom sai ka ƙara force=True wajen buɗewa.

2. Karanta Transfer Syntax kafin komai

Lambar da ta fi 255 ba ta shiga bayit ɗaya, sai biyu ko huɗu, daga nan tambaya ta taso: wanne za a fara rubutawa? A tsarin Little Endian ƙaramin bayit ne a gaba, a Big Endian babban ne a gaba. Kamar kwanan wata ne da aka rubuta 04/05: mu za mu ce 4 ga Mayu, Ba'amurke ya ce 5 ga Afrilu, alhali rubutun ɗaya ne.

Kowane bayani a DICOM yana da alama mai lambobi biyu, rukuni da gurbi. Duk alamun rukunin 0002, waɗanda ke biye da DICM, da ƙarami a gaba ake rubuta su kuma da nau'i a fili, ko da wane tsari sauran fayil ɗin yake bi. A cikinsu nemi (0002,0010), wato Transfer Syntax, lambar da ke faɗin tsarin da sauran fayil ɗin yake bi. Rubuta dcmdump da sunan fayil, zai nuna maka shi a layukan farko. Waɗanda za ka fi cin karo da su:

1.2.840.10008.1.2 : ƙarami a gaba, ba a rubuta nau'i
1.2.840.10008.1.2.1 : ƙarami a gaba, nau'i a fili
1.2.840.10008.1.2.2 : babba a gaba, nau'i a fili
1.2.840.10008.1.2.1.99 : an matse duk abin da ke bayan rukunin 0002
1.2.840.10008.1.2.4.50 : JPEG na yau da kullum, mai zubar da wani abu
1.2.840.10008.1.2.4.70 : JPEG marar asara
1.2.840.10008.1.2.4.90 da .91 : JPEG 2000
1.2.840.10008.1.2.5 : RLE

Na babba a gaba an yi masa ritaya daga ƙa'idar, amma tsofaffin rumbuna cike suke da shi, don haka dole ka san shi. Ga yadda adadin layuka 512 yake bayyana a ukun farko, ka kwafe su a takarda:

Nau'i a fili, ƙarami a gaba: 28 00 10 00 55 53 02 00 00 02
Babu nau'i, ƙarami a gaba: 28 00 10 00 02 00 00 00 00 02
Nau'i a fili, babba a gaba: 00 28 00 10 55 53 00 02 02 00

Bayit huɗu na farko alamar ce, (0028,0010). 55 53 haruffan US ne, nau'in lamba mai bayit biyu da ba ta sauka ƙasa da sifili. Sai tsawo, wato 2, sai ƙimar kanta. 512 a heks 0200 ne, shi ya sa ya zama 00 02 a layuka biyun farko. Duk ranar da manhajarka ta ce hoton CT yana da layi 2, ka san ka juya bayit.

Lura da cewa jerin bayit lambobin bainari kawai ya shafa. Rubutu bai shafe shi ba, kuma wasu lambobin a DICOM rubutu ne: adadin firam (hotunan da ke jere cikin fayil ɗaya), da ƙimomin da za mu yi aiki da su a mataki na 7. Idan ka ga -1024 a heks za ka same shi harafi-harafi, da ɗan fili ɗaya a ƙarshe don tsawon ya zama 6, domin ƙa'ida ce kowace ƙima tsawonta ya rabu biyu daidai.

3. Kwashe lambobin da ke bayyana hoton

Daga abin da dcmdump ya fitar, rubuta waɗannan a takarda:

(0028,0002) Samples per Pixel: 1 ga fari-da-baƙi, 3 ga mai launi
(0028,0004) Photometric Interpretation
(0028,0006) Planar Configuration, idan mai launi ne
(0028,0008) Number of Frames, idan babu shi firam ɗaya ne
(0028,0010) Rows da (0028,0011) Columns
(0028,0100) Bits Allocated
(0028,0101) Bits Stored
(0028,0102) High Bit
(0028,0103) Pixel Representation

Rows tsayi ne, Columns faɗi ne. A CT mai 512 sau 512 ko ka musanya su ba za ka gane ba, sai ranar da hoton ƙirji mai tsayi daban da faɗi ya zo, ya fito maka a yayyanke a karkace.

4. Nemo inda ɗigon suka fara, ka yi lissafin tsawo

Alamar hoton ita ce (7FE0,0010). A fayil mai ƙarami a gaba nemi E0 7F 10 00, a mai babba a gaba nemi 7F E0 00 10. A CT na yau da kullum za ka ga:

E0 7F 10 00 4F 57 00 00 00 00 08 00

4F 57 haruffan OW ne, nau'in da ke ɗaukar bayit bibbiyu, sai bayit biyu na sifili da aka keɓe, sai tsawo mai bayit huɗu. 00 00 08 00 idan ka juya shi 00080000 ne, wato 524288. Ɗigon farko yana biye nan take, bayit 12 daga farkon alamar. Idan ba a rubuta nau'i, babu OW babu sifilin nan biyu, tazarar 8 ce.

Yanzu lissafi: layuka sau ginshiƙai sau Samples per Pixel sau adadin firam sau Bits Allocated, a raba da 8. 512 × 512 × 1 × 1 × 2 ya ba da 524288, ya yi daidai. A CT_small.dcm, 128 × 128 × 2 zai ba ka 32768. Ni ba na wuce wannan mataki sai lambobin biyu sun haɗu, don rabin matsalolin da ke gaba a nan suke tona kansu.

Idan ba su haɗu ba, duba waɗannan. Ƙarin bayit ɗaya tak ciko ne, saboda ƙa'idar rabuwa biyu. Tsawon FF FF FF FF yana nufin hoton a matse yake, tsallaka mataki na 9. Idan tsawon ya yi ƙanƙanta ƙwarai, mai yiwuwa ka faɗa kan ɗan ƙaramin hoton nuni da wasu injina ke sakawa cikin (0088,0200), wanda shi ma yana da tasa alamar 7FE0,0010 kuma yana zuwa kafin na ainihi. Ci gaba da nema zuwa na gaba. Idan kuma fayil ya ƙare kafin tsawon ya cika, kwafin ne ya yanke, sai a sake kwafowa.

5. Haɗa bayit su zama ɗigo

A Python:

ds = pydicom.dcmread("CT_small.dcm")
a = numpy.frombuffer(ds.PixelData, dtype="<i2")
a = a.reshape(ds.Rows, ds.Columns)

Alamar < tana nufin ƙarami a gaba, > babba a gaba. Harafin i ga lambobi masu iya sauka ƙasa da sifili, u ga waɗanda ba sa sauka, 2 kuma yawan bayit. Kada ka bar alamar ka rubuta int16 kawai, domin haka yana nufin a bi tsarin kwamfutar da kake kai, ba na fayil ɗin ba. A ImageJ shiga File, Import, Raw, ka cika faɗi, tsayi da matsayin ɗigon farko, ka sa ko ka cire alama a akwatin Little-endian byte order.

Yana da kyau ka ga abin da juyin bayit yake yi wa hoto da idonka. Ɗauki ɗigo biyu maƙwabta a cikin tsoka, ɗaya 1064 ɗaya 1065. A fayil 28 04 ne da 29 04. Idan ka karanta su a juye, za su zama 10244 da 10500. Bambancin 1 ya koma 256. Shi ya sa hoton da aka juya wa bayit ba ya ɓacewa gaba ɗaya: za ka iya hango zagayen kai ko na ciki, amma cikinsa duk ya cika da ɗige-ɗige da zobba. Hoton da ka ɗauko daga matsayin da ya goce da bayit ɗaya shi ma haka yake fitowa, saboda haka kafin ka zargi jerin bayit sake duba matsayin farawa.

Akwai wani tarko a fayil mai babba a gaba wanda ɗigonsa bit 8 ne. Idan nau'in OB ne, mai ɗaukar bayit ɗai-ɗai, ba a juya komai, bayit ɗaya ba shi da gaba ba shi da baya. Idan kuwa OW aka rubuta, to bibbiyu aka ɗauke su, kowane ɗigo ya musanya wuri da maƙwabcinsa, sai gefunan abubuwa su fito da haƙora-haƙora. Hanya mafi sauƙi ita ce ka juya fayil ɗin tun farko da dcmconv +te tsoho.dcm sabo.dcm, ka huta.

6. Bit nawa ne na gaskiya, kuma akwai ɗebewa?

Bits Allocated shi ne girman gurbin da aka ware wa kowane ɗigo, Bits Stored kuma nawa ne daga ciki ke ɗauke da hoto. An saba ganin 16 da 12, High Bit kuma 11, don daga sifili ake ƙirga. Bit huɗun da suka rage a sama ba naka ba ne, kuma ba a yi maka alkawarin sifili ne ba. Tsofaffin injina sun riƙa ɓoye zane da rubutun da ake ɗorawa kan hoto a cikinsu. Share su:

a = a.astype("int32") & 0x0FFF

Idan Pixel Representation 0 ne, ka gama. Idan 1 ne, lambobin suna iya sauka ƙasa da sifili, kuma bit ɗin da ke nuna haka shi ne wanda High Bit ya ambata, ba lallai na 15 ba. Misali -1000. A bit 16 FC18 ne, a fayil 18 FC. Wanda ya karanta shi da u2 zai ga 64536, sai iska ta fito fari fat fiye da ƙashi. A bit 12 kuma C18 ne, wato 3096 kafin gyara. Gyaran shi ne duk lambar da ta kai 2048 a cire mata 4096:

a = numpy.where(a >= 2048, a - 4096, a)

3096 a cire 4096, ga -1000 ta dawo.

Wani lokaci za ka haɗu da Bits Allocated 1, a fayilolin da ke shata iyakar ƙari ko wata gaɓa. A nan ɗigo takwas ne cikin bayit guda, na farko yana ƙaramin bit, kuma firam na biyu yana farawa daga inda na farko ya tsaya ko da tsakiyar bayit ne. A numpy.unpackbits sai ka sa bitorder="little".

7. Daga lambar ajiya zuwa abin da likita ke gani

Abin da ke hannunka yanzu lambar ajiya ce. A CT sai ka ninka ta da Rescale Slope (0028,1053) ka tara da Rescale Intercept (0028,1052) kafin ta zama ma'aunin Hounsfield, inda ruwa 0 ne, iska -1000. Da yawa suna zuwa da 1 da -1024, don haka 1024 ruwa ne, 24 iska ce, 1064 ɗin nan tamu kuma 40. Ka mayar da lambobin int32 ko float kafin wannan lissafi, in ba haka ba cire 1024 daga 24 a u2 zai zagayo ya ba ka wata ƙatuwar lamba. Kuma kowane yanka ka karanta nasa, musamman a hoton PET inda ninkin yakan canza daga yanka zuwa yanka.

Nan ne wurin gwada aikinka. Zaɓi ɗigo a iskar da ke gefen jikin majinyaci, ya kamata ya faɗo kusa da -1000. Kitse yana wajen -100. Idan ka ga lamba kamar -2000 ko ƙasa da haka a kusurwoyin hoton, ciko ne na wajen da'irar da injin ya ɗauka, duba (0028,0120), kada ka sa shi cikin lissafin matsakaici.

Allo launin toka 256 yake nunawa, hoton kuma yana da dubbai, shi ya sa ake zaɓen taga. Window Center (0028,1050) tsakiya ce, Window Width (0028,1051) faɗi. Taga mai tsakiya 40 da faɗi 80, wadda ake duba ƙwaƙwalwa da ita, tana mai da duk abin da ke ƙasa da 0 baƙi, na sama da 80 fari, na tsakani a shimfiɗa su. Don huhu ana sa wajen -600 da 1500. Ƙimomin suna iya zuwa fiye da ɗaya da alamar \ a tsakaninsu, ɗauki na farko.

Sai MONOCHROME2 da MONOCHROME1. A MONOCHROME2 ƙaramar lamba baƙi ce, kamar yadda CT da MRI suke. A MONOCHROME1 ƙaramar lamba fari ce, kuma ana yawan samunsa a hoton ƙirji da na ƙashi. Idan haƙarƙari suka fito baƙi huhu fari, wannan ka manta. Juyawar bayan taga ake yin ta.

8. Hoto mai launi

Idan Planar Configuration 0 ne, ja, kore, shuɗi na ɗigon farko suke jere, sai na ɗigo na biyu. Idan 1 ne, duk jan firam ɗin ne a gaba, sai duk koren, sai duk shuɗin. Kuskure a nan yana ba ka ƙananan hotuna da yawa jere a allo ɗaya, ko ratsi-ratsi. A na farko reshape zai zama layuka, ginshiƙai, 3. A na biyu 3, layuka, ginshiƙai. Idan ka ga YBR_FULL ko YBR_FULL_422, sai an juya zuwa RGB, kuma a 422 da ba a matse ba tsawon kashi biyu cikin uku ne na lissafin mataki na 4. PALETTE COLOR kuwa lamba ɗaya ce kowane ɗigo, launinta yana jadawalin da ke (0028,1201) zuwa (0028,1203).

9. Idan hoton a matse yake

Bayan FF FF FF FF za ka ga FE FF 00 E0, alamar ƙunshi, da tsawonsa. Ƙunshin farko jadawalin inda kowane firam ya fara ne, kuma an yarda ya zama fanko, tsawo sifili. Daga na biyu hoton ya fara. Idan ka ga FF D8 a bakinsa JPEG ne, FF 4F kuma JPEG 2000. FE FF DD E0 shi ke rufewa. Firam ɗaya yana iya rabuwa cikin ƙunshi da yawa, don haka kada ka ɗauka yawan ƙunshi shi ne yawan firam.

Ban ba ka shawarar warware matsin da kanka ba. dcmdjpeg yana buɗe JPEG, dcmdrle yana buɗe RLE, JPEG 2000 kuma sai ka nemi gdcmconv --raw na GDCM. Bayan haka ka koma mataki na 2 da sabon fayil ɗin, don lambobin kansa na iya canzawa. Abin da ya fi cin mutane a hoton sikanin shi ne juyin launi sau biyu: mai warwarewa ya riga ya mai da YBR zuwa RGB, kai kuma ka sake, sai hoto ya fito ruwan hoda da kore.

Wanda ya nace sai ya leƙa cikin RLE, ga abin da zai tarar. Kowane firam yana farawa da kai mai bayit 64, lambar farko yawan sassa ce, sauran 15 matsayinsu. Lambobin kan da ƙarami a gaba suke, amma a hoto mai bit 16 sashen farko manyan bayit ne na duk ɗigon, na biyu ƙanana.

10. Idan za ka mayar da hoton cikin fayil

Duk abin da ka canza a ɗigo, kan fayil ɗin ya faɗe shi. Ka yanke hoto, gyara Rows da Columns. Ka mai da lambobi zuwa Hounsfield ka ajiye su haka, sa Slope 1, Intercept 0, Pixel Representation 1, Bits Stored 16, High Bit 15. Ka warware matsi, canza (0002,0010) zuwa 1.2.840.10008.1.2.1, nau'in ya koma OW idan bit ya wuce 8, tsawo kuma ya zama na gaskiya mai rabuwa biyu. Idan hoton ya taɓa bi ta matsi mai asara, bar (0028,2110) a kan 01, warwarewa ba ta dawo da abin da ya zube. Ba shi sabon SOP Instance UID a (0008,0018) da (0002,0003), in ba haka ba rumbun hotuna zai ɗauke shi a matsayin asalin, ya ƙi karɓa ko ya danne wancan. Daga nan buɗe sabon fayil ɗin da dcmdump da kuma wata manhajar duba hoto da ba kai ka rubuta ba, ka sake gwada ɗigon iska ka ga ko har yanzu yana kusa da -1000.